Kunyar Surukai a Bakin Teku

Zuwa ga ƙanena Mutari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun sauka lafiya, kai da amaryarka Nadiya, ina gaida surukanka da duk mutanen gidan. Ina gajiyar tafiya, yaya baƙunta? Mu nan Rillieux ta Faransa lafiya lau, sai ni da na kasa zama wuri ɗaya tun da muka rabu a tashar jirgin ƙasa ta Lyon.

Na kira salularka har na gaji, ba ta shiga. Amma na san halinka, ko gobara ake yi sai ka leƙa shafina na intanet, shi ya sa na rubuto a nan. Masu karatu ku yi haƙuri, magana ce tsakanin yaya da ƙanenta.

Tsibirin La Réunion ɗin nan da ka je gaida iyayen matarka, na riga ka taka shi. Can na yi koyon aikin jinya lokacin kana lakwal, makarantar boko, a Damagaram kana yaga wando. Don haka ka saurara.

Na ga kayan da ka zuba a balis ɗinka na tafiya, duk ƙananan riguna ne, wai ƙasar zafi za ka. Bakin teku kam akwai zafi, mai gumi, ba irin namu mai busar da leɓe ba. Amma duwatsun tsakiyar tsibirin wata duniya ce. Ni ma da ƴar riga na hau, ina taƙama rana ba ta da abin da za ta gaya wa ƴar Damagaram, sai ga haƙorana suna kaɗawa har wata tsohuwa ta yafa mini mayafinta. Ka ari rigar sanyi. Ku fita da sassafe, don kafin azahar gajimare ya rufe komai, ka sha wahalar hawa a banza. Hanyar motar kuma lanƙwasa ce bisa lanƙwasa, kada ka cika ciki kafin ku tashi. Sauron can ba ya jiran magariba.

In sun zuba maka shinkafa da wake da miyar kifi, ka ci a gabansu. Na san tarbiyyarmu, ba a cin abinci gaban suruki. Su raini za su ɗauka.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya hana ni sukuni ruwa ne.

Muna jiran jirgin da zai kai ku Paris, Nadiya ta gaya mini da murnarta cewa babanta ya gyara kwalekwalensa, zai fita da kai kamun kifi can bayan duwatsun da ke tare igiyar ruwa, inda mazan gidansu ke faɗawa teku su yi iyo. Ta ce ai ka ba ta labarin yadda kake ninƙaya a tabkunan unguwarmu ta Birni da damina. Na dube ka, kai kuma ka kama kallon allon lokutan jirgi.

Mutari, wane tabki? Ni na goya ka fa. Kai ne mai tsaron rigunan yara a bakin ruwa. Rana ɗaya ka taɓa shiga iya gwiwa, Inna ta zane mu mu biyu, tana cewa, "Ruwa ba ya jin magiya." Shekarun da ka yi a Villeurbanne, nan kusa da ni, kana karatun injiniya, ga wurin koyon iyo kusa da ɗakinka, na yi magana har bakina ya gaji, ka ce kai ba ka tuɓewa gaban mutane.

Cika bakin saurayi bai dame ni ba, kowa ya yi nasa a wurin zance. Kunyarka nake tsoro. Dattijon zai miƙo maka hannu ya ce ka shigo, kai kuma ka sunkuyar da kai ka shiga, don a wurinmu ba a ce wa suruki a'a, balle a ce masa ban iya ba. Za su faɗa ruwa su waiwayo suna jiranka. Tsoro na daji, kunya na gida, kuma na san wanda za ka zaɓa.

Na yi aiki a asibitin da ke kusa da gaɓar nan. Na ga irin waɗanda ake kawowa, baƙi majiya ƙarfi, a ranakun da ruwan ke kwance lumui a ido. Ta ƙasa yake ja, ya ɗauke ƙafar mutum kafin ya yi salati. Ka tsaya inda yara ke wasa, inda aka kafa tuta kuma akwai masu gadi. In ka shiga kwalekwale ka sa rigar ceto, ko da kai kaɗai ne da ita a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yau a cikin bas na wuce tashar da nake sauka ban sani ba, sai da ƙafa na dawo. Na ɗora tukunya na sauke, na sake ɗorawa. Kai kaɗai Inna ta bar mini, kuma ina jin tsoro ƙwarai, ban ga amfanin ɓoyewa ba.

To ga abin da na yi. Na nemi lambar gidan surukanka na kira, Nadiya ce ta ɗauka, ta ce ka fita kasuwa da ƴan'uwanta. Na gaya mata da Faransanci, ba kwana-kwana, cewa mijinta bai iya ruwa ba, bai taɓa iyawa ba, kuma ko yanka shi za a yi ba zai faɗa ba. Sai ta ce babanta na kusa, in maimaita masa. Na maimaita.

Na san na zubar maka da girma a gidan da ka fi son a ga girmanka. Ka yi fushi, kana da gaskiya. Ka riƙe fushin da kyau, ka hau jirgi da shi, ka kawo mini shi har Rillieux, ka zauna kan kujerata ka ƙi kula ni. Tsarabar da nake so ke nan.

Allah ya tsare ka a tudu da ruwa, ya haɗa kanku da surukanka, ya dawo mini da ku lafiya. Allah ya jiƙan Inna.

Yayarka da ta tona maka asiri,
Rakiya