Ƙanƙara a Firjin Rigakafi

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki duba ƙarƙashin filonta, can take ɓoye ƙwayoyin da ba ta son sha.

Yaya, yau na yi abin da zai iya raba ni da aikin nan, ga shi ko watannin gwaji ban cika ba. Kin san ni ke kula da firjin allurar rigakafin jarirai. Da safe na buɗe, sai ga gorar ruwan sha ta daskare kamar dutse, jingine da kwalin alluran. Maɓallin sanyi yana inda na bar shi, amma a wannan sanyin, ruwa ba ya daskarewa. Ke nan wani cikin masu aikin ƙarshen mako ya murɗa shi don ruwansa ya yi saurin sanyi, daga baya ya mayar.

A ido kwalaben lafiya lau suke. Sai dai irin wannan allura in ta taɓa daskarewa ta tashi aiki, ko da ta narke. Yaro ya sha zafi a banza, uwa ta tafi tana ganin ɗanta ya samu kariya. Akwai gwajin da ake yi, amma sai an daskarar da kwalba ɗaya da gangan an kwatanta, wanda zai kai gobe.

Likita ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Babbar nas ta ce in fito da allura kawai, domin in muka sallami iyaye wasu ba za su dawo ba. Kuma gaskiya ta faɗa. Baranda cike take da mata, har da na tsaye.

Na shiga ɗakin ajiya na tsaya tsakanin kwalaye. Can na gane tabbaci nake jira, shi kuwa ba zai zo yau ba. Sai na tambayi kaina wane kuskure ne yake gyaruwa. Wadda na sallama zan iya nemo ta. Yaron da na yi wa allurar banza kuwa ba wanda zai taɓa sani.

Na fita na gaya wa matan komai, na karɓi lambobin wayarsu, na sallame su. Wata mai tagwaye ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “’Yar nan, kin taɓa hawa mota da goyo biyu?” Na ce a'a. Ta ce ai da gani.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da amsarki, na kuma ji daɗi da Mama ta fara taka ƙafar.

Gwajin ya nuna alluran lafiyarsu ƙalau, sanyin bai kai gare su ba. Babbar nas yanzu Malama Ƙanƙara take kirana, har masinja ya ɗauka. Da Likita ya dawo ya saurare ni, ya ce ba zai yaba mini ba, ba zai kuma yi mini faɗa ba, amma duk yaron da bai dawo ba a wuyana yake. Mai gorar har yau bai zo neman abarsa ba.

Kin tambaya ko na yi nadama. Na zaci zan yi, sai na ga ban yi ba. Abin da na sani da safen nan shi na yi aiki da shi, kuma gobe ma haka zan yi.

Na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, duk sun dawo sai mai tagwayen, wadda ta ƙi ɗauka. Jiya Likita ya ba ni izini, na sa allura a akwatin sanyi na shiga mota. Da tambaya na gano shagon ɗinkinta a bayan wani gidan mai. Ta ci gaba da taka kekenta kamar ba ta gan ni ba. Sai da ta kai ƙarshen ɗinkin ta yanke zare, sannan ta kunce ɗaya cikin tagwayen daga bayanta ta miƙo mini, ta ce in fara da wannan, ya fi ɗan'uwansa haƙuri.

Ki gaida kowa. Yanzu kina iya gaya wa Mama.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta