Babin da Na Ara wa Habu

Asabar da dare, Birnin Kudu

Barci ya ƙi zuwa. Malamin da ke duba furojet ɗina na kammala karatu ya ce babina na biyu da na Habu, ɗan Kawu na Maruta, iri ɗaya ne, har da kuskuren da na yi a sunan wani marubuci. Ni na ara masa don ya ga yadda ake kawo madogara, sai ya kwafe, ya riga ni miƙawa.

Na gaya wa Baba. Sai ya ce, "A gidansu ka yi firamare. Kada ka tona masa asiri."

Jibi kwamitin makaranta zai tambaye mu wa ya saci na wani. In na yi shiru, ni ne ɓarawon.

Habu ko waya bai kira ba.