Sunan da Za a Rubuta a Kan Siminti

Litinin, 1 ga Nuwamba, 1976

Meshak magini ya ce ranar Asabar ta sama zai shafe kabarin Baba da siminti, in kawo sunan da zai rubuta da ƙusa kafin ya bushe. Sai yau na gane ban san sunan ubana ba. Kowa Wakili yake ce masa. Ni ma Selina Wakili nake a makaranta.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Na duba katin baftismarsa. Wakili. Har fasto!

Asabar, 6 ga Nuwamba

Na je Kafanchan wurin wani tsohon malamin En'e, wato hukumar gargajiya ta da. Ya ce zamanin Turawa Razdan ke sama, sai Di'o, sai Sarki, sai Hakimi. Hakimi kuwa baƙo ne, ba ya jin yarenmu, shi ya sa aka naɗa masa wakili daga cikinmu. Wato Baba wakilin kowa ne ban da mu. Shi ya riƙa zaɓo samarin da za a kai haƙar kuza. Yanzu na gane dalilin da mutane ba su cika jana'izarsa ba. Na dawo gida a mota.

Lahadi, 7 ga Nuwamba

Ba zan rubuta wannan kalma a kabarinsa ba.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Tsaransa duk sun mutu, saura Mama. Ita kuma a al'adarmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Na roƙe ta, ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Mu biyu ne a gidan nan, amma kamar ni kaɗai.

Asabar, 13 ga Nuwamba

An shafe. Meshak yana ta cewa siminti fa ba ya jira. Mama ta zo da sandarta, ta ce: "Shekaran da Turawa suka ce a kawo yara talatin na kuza, goma ya kai. A gabana suka bulale shi. Bai gaya ma kowa ba." Sannan ta sunkuya, ba ni ta kalla ba, kabarin ta kalla.

"Kumai," ta ce. "Tashi, yarinyanka yana nemanka."

Na karɓi ƙusar na rubuta da hannuna. Akwai sauran wuri a ƙasa, shi ya sa kawai na ƙara Wakili.