Baban Hind Ya Daina Fita

Ammariyya, Jidda

Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Na rubuto ne don na kasa faɗa miki a waya, maigidan, Baban Hind, yana kusa da ni kullum.

Watan jiya 'yan sanda suka yi kame a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda, suna duba takardu. Baban Hind yana bakin shagonsa yana auna wa wata mata yadi. Suka tsallake maƙwabtansa farare, suka zo kansa. Ya sa hannu a aljihu zai ciro iƙama, takardar izinin zama, suka kayar da shi, ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa, a gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro. Da suka ga takardarsa lafiya lau, suka ce halas, wato shi ke nan, ya tafi.

Wuyan ya warke, Yaya, amma ya rufe shago. Ko masallaci sai ya leƙa ta taga tukuna. In mota mai jiniya ta wuce, sai gumi ya jiƙa shi. Na ce mu ga likita, ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Mastura

Yaya Zubaidatu,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri.

An ɗaura auren Hind ranar Juma'a. Babanta ya yi wanka, ya sa farar riga, har dariya ya yi. Yana buɗe ƙofa ya hangi motar 'yan sanda a bakin titi. Shayi kawai suka tsaya saye. Ya zauna a kan matakala, ya kasa tashi. Ƙaninsa Saleh ne ya ba da auren 'yarsa. Hind ta zo da lallenta ta durƙusa gabansa, ya kasa kallonta.

Yanzu ya yarda da likita, yana shan magani. Barci yake ta yi.

Jiya ya ce mu koma Kano. Koma, Yaya! Mutumin da aka haifa a nan, iyayensa suna kwance a ƙasar nan, Hausarsa rabi Larabci. Ya tambaye ni ko a can ma ana kayar da mutum a gaban shagonsa. Ni kuwa na daɗe da barin gida. Ke kike can. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, in san abin da zan gaya masa.

Ki gaida Malam.

Taki,
Mastura