Ƙarar Keken Ɗinkinki

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya, uwar 'ya'yana,

Ya ƙafar? Na ji likita ya sallame ki tuntuni, amma babban yaron nan namu ya riƙe ki a gidansa, wai Baba ba ya ganin kowa sai wayoyinsa. Shi da na koya wa riƙe sukundireba!

To, ki gaya masa wannan. Manhajar da na rubuta, wadda ke auna ƙarfin siginar rediyo ta dogon zango, siginar da kunne ba ya ji, ta zana shi a allon kwamfuta, yau masu rediyo don sha'awa irina suna aiki da ita a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Ni da ma'aikata ta sallama, ta ɗora yaran da na koyar a kujerata, wai zamani ya wuce ni! Wa ya san sunansu yau? Duk duniya ta juya mini baya, ban da ke.

Kin tuna ranar da muka ja eriya daga bishiya zuwa saman ɗaki? Maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya, ke kuwa kina riƙe da tsani kina cewa, "Malam, in ka faɗo, ni dai ba zan iya ɗaukarka ba." Washegari kika shanya wanki a kanta. Wace mace ce kamarki, ya farin watana?

Ga abin da yaron nan bai sani ba. Duk sanda kika kunna keken ɗinkinki na lantarki, layin da ke allona sai ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Abokan rediyo suka yi ta rubuto mini: ka tace hayaniyar nan ka cire ta, tana ɓata awo. Na iya, kafin shayi ya huce zan gama. Na ƙi! Daga ɗakina nake kallonki a layin nan: yanzu tana kalmasa, yanzu zare ya tsinke, yanzu ta tashi salla. Su suna farautar sigina daga bayan teku, ni tawa tana bayan bango.

Tun da kika tafi layin ya kwanta sumul, kamar kogin da ba iska. Har barka suke yi mini, wai na gyara. Masu ilimin banza! Me zan yi da awo mai tsabta a gidan da ba motsinki?

Ban roƙi shugaban ma'aikata ba, ban roƙi kowa ba tun da nake. Ke nake roƙo. Ki dawo, ya daminata, ki ɓata mini awo safe da yamma. In ƙafar ba ta iya taka keken, ni zan taka miki.

Naki, wanda bai taɓa karkata ga wata ba, kuma ba zai karkata ba har a rufe shi da ƙasa,

Mijinki.