Na Ce Na Gani, Baba

Baba,

Gaisuwa da ladabi daga Tudun Kaya. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma ba rayayyen da zan iya faɗa wa.

Inna lafiya, sai gwiwa. Rumbun gabas ya tsage, na yaɓe. 'Yarka Ladi kuwa mijinta ya tafi da ita Jos wajen haƙar kuza. Tafiyarta ce ta sa ni rubutun nan.

Ka tuna yadda kake tsayar da ni bayan masallaci kana nuna mini taurarin Kaza da 'ya'yanta, ina cewa na gani? Ban taɓa gani ba, Baba. Idona ba ya wuce tsawon hannuna. Ladi ce, da ke leƙe ta danga, ta haddace komai. Damina uku tun rasuwarka ita ke dubawa ta raɗa mini, ni kuma in fita in gyara murya in ce wa mutane lokacin binne iri ya yi. Har cewa suke na fi ka.

Ranar kasuwar Rogo malamin elementare ya nuna mini hoto a littafinsa. Wai wani tarin taurari ne can nesa, Turawa suka ɗauko da madubin hangen nesa. Kamar an kifa faifai kan faifai: tsakiya a kumbure, baki siriri. A gefe ga ɗigo fari. Ya ce tauraro ne ya fashe, ya haska 'yan makonni ya dushe, kuma ba shi ne na farko a wurin ba. Na kai takardar har hancina. Tauraron farko ke nan da na gani sosai a rayuwata, wai kuma tuni ya mutu. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa.

Yanzu mai unguwa ya aiko sau biyu yana tambayar lokaci. Irin geron da mutane suka ware, ba su da wani. In na faɗi gaskiya, na zubar da sunanka. In na yi shaci-faɗi, irinsu ya lalace a ƙasa. In na gudu, wa zai riƙe Inna? Me ya sa ba ka taɓa tambayata nawa na ƙirga ba? Ko ka sani ne ka yi shiru?

Gobe bayan asuba za su tsaya inda kake tsayawa, su jira in ɗaga hannu. Ban san inda zan nuna ba.

Allah ya haskaka kabarinka.

Ɗanka da ya ce ya gani,
Sule