Ba Gajiya

Litinin, 3 ga Maris
Har yanzu sabuwa ce ni a ɗakin binciken Farfesa, malaminmu a jami'a. Bincikensa kan masu ciwon gajiya marar yankewa ne. Su tuƙa keken motsa jiki kwana biyu a jere, mu ɗebi jininsu, mu ware ƙwayoyin garkuwar jiki, mu duba waɗanne ƙwayoyin halitta ne suka kunnu a ciki, waɗanne suka yi lakwas.

Yaya ta yarda ta shiga binciken. Ni na matsa mata. Tun zazzaɓin nan na bara ba ta koma koyarwa ba. Umma ta ce son jiki ne, in jinin bai nuna komai ba za ta koma aji ko da rarrafe. Hujja nake nema saboda Umma. Ina jin dai saboda Umma ne.

Laraba, 5 ga Maris
Rana ta farko. Yaya na hawa keken ta ce, "Auta, duk karatun nan naki a hayar keke ya ƙare?" Har Nas ta yi dariya. Yaya ta gama lafiya. Na ji daɗi, kuma na ji wani abu da ba na son rubutawa: ashe tana iyawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙa'ida ce a tambayi mutum yadda ya kwana kafin ya sake hawa. In jiki ya rikice, a dakata. Nas ta ce, "Sannu Malama, ina gajiya?" Yaya ta ce, "Ba gajiya." Shi ke nan, aka ɗora ta.

Wa ya taɓa amsa gaisuwar nan da wani abu daban? Na ga yadda ta dafa ƙofa. Na ga leɓenta. Amma in babu jinin yau, na jiya ba shi da amfani. Na yi shiru.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ba ta iya ɗaga kofi.

Lahadi, 9 ga Maris
Labule a sauke, haske na damunta, ƙarar cokali ma haka. Umma ke ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. A bakin ƙofa ta ce min, "Kin tafi da ita da ƙafafunta, kin dawo min da ita a kwance." Na karanta game da wannan faɗuwar ƙarfi bayan motsa jiki, har jarrabawa na rubuta a kanta. Ban san haka take ba.

Talata, 11 ga Maris
Na faɗa wa Farfesa maganar gaisuwar. Ya dafe kai. "Mu masu binciken gajiya, gaisuwa ta kayar da mu!" Daga yau tambayar ta canza: ka iya wanka da kanka yau? Ka iya tsayuwa? Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 27 ga Maris
Sakamakon farko ya fito. Akwai bambanci tsakanin marasa lafiya da masu lafiya bayan keken, amma in an haɗa su rukuni-rukuni ne. Kwalaben ba suna, lamba kawai. Na tsaya gaban kwamfuta ina kallon ɗige-ɗige, ban san wanne ne Yaya ba. Farfesa ya ce, "Kada ki kai wannan gida a matsayin hujja. Bai zama gwajin gane cuta ba tukuna." Gaskiyarsa ne.

Juma'a, 28 ga Maris
Umma ta tare ni a kicin. "To, me jinin ya ce?"
"Bai ce komai a kanta ita kaɗai ba."
"Ashe dai..."
"Ba za ta koma aji ba, Umma."
"Da wace hujjar?"
"Ke kike ba ta ruwa a cokali."
Ta juya ta ci gaba da wanke-wanke. Ba ta sake ta da maganar ba.

Na shiga wajen Yaya. Baki ya riga ni: "Yaya, ina gajiya?" Ta juyo da kai cikin duhun ɗakin.
"Akwai, Auta."
Na gyara mata filo, na zauna a ƙasa. Ban tambaye ta ko ta tabbata ba. Sai yanzu da nake rubutu na lura.